Tsakuwar gini: dubi tsarin dutse kafin ka zuba jari

Wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Dole ta Damagaram ya aiko da tambaya: "An yi mini tayin wurare biyu na fasa dutse a bayan garin Damagaram. Dutsen na farko yana ƙyalli, yana ɓarewa fale-fale da guduma kaɗai, kuma ya fi araha. Na biyu fari ne mai tsananin tauri. Tsakuwa nake son sayar wa magina. A wanne zan sa kuɗina?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Idan tsakuwar kankare kake nufi, kada arahar na farko ta ja ka.

Damagaram da yankin Muniyo, wajen Gure, suna zaune ne a kan tsohon dutse. Ban da garanit irin wanda ke jibge a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, akwai duwatsun da zafi da matsi suka sauya a can ƙarƙashin ƙasa. Bisa kwatancenka, na farko shist ne, ƙyallin nan kuwa mika ce, wani ma'adini mai siraran ɓawo. Matsi ya kwantar da ita layi-layi, shi ya sa dutsen ke rabuwa ta nan. Ƙarfinsa ba ɗaya ba ne ta kowane ɓangare. Idan nauyi ya sauko a kan shimfiɗar kai tsaye yana jurewa, amma idan ya zo a karkace, wajen digiri 30 daga layin, nan ya fi rauni, sai ya zame.

Ga inda asarar take. Irin wannan dutse in an fasa shi, tsakuwar tana fitowa fale-fale kamar sakaina. Ba ta haɗuwa da kyau a kwaɓi, ruwa yana maƙalewa a ƙarƙashinta, magini kuma dole ya ƙara siminti da yashi. Kaso mai yawa yana zama niƙaƙƙen gari wanda ka biya ladan fasa shi amma ba shi da daraja. Injiniyan da ya san aikinsa, da ya damƙi hannu ɗaya zai mayar maka da mota.

Na biyun ya yi kama da kuwarzit. Ƙwayoyinsa sun sarƙe da juna, ba shi da layin rauni sosai, tsakuwarsa tana fitowa dunƙule-dunƙule. Sai dai yana cin haƙoran injin niƙa, domin ya fi ƙarfen wuƙa tauri. Sa kuɗin sauya haƙora da na mai a lissafi tun farko. Ƙurarsa tana lalata huhu, kuma ciwon ba ya warkewa, don haka yayyafa ruwa da takunkumin hanci ga ma'aikata wajibi ne, ko da ruwa na tsada a garin nan.

Kafin ka biya ko dala, ka sa a haƙa ƙasa da ɓawon sama da rana da ruwa suka ruɓar, a ɗebo samfuri. Buga shi da guduma: lafiyayyen dutse yana ƙara kamar ƙarfe. Auna kilo 10 busasshe, jiƙa shi awa 24, goge, sake aunawa. In ya ƙaru da fiye da giram 200, yana shan ruwa da yawa. Sannan a kai samfurin ɗakin gwajin kayan gini a yi masa gwajin Los Anjalas, inda ake juya kilo 5 na tsakuwa da ƙwallayen ƙarfe sau 500 don a ga yawan abin da zai niƙe. Idan abin da ya niƙe bai kai kashi 30 cikin ɗari ba, yana da kyau ga kankare, kuma takardar ita ke buɗe ƙofar manyan ƴan kwangila.

A kuma fasa mota guda daga kowane wuri, a tankaɗe tsakuwa mai girman milimita 5 zuwa 15 da 15 zuwa 25 (5/15 da 15/25), ka raba kuɗin da ka kashe a kan abin da ya sayu kaɗai. Dunƙulen dutse mita ɗaya kubik yana kai tan 2.6, tsakuwa kuwa wajen tan 1.5, kada a ruɗe ka da awo.

Wuri na farko yana da tasa kasuwar: falalen daɓen tsakar gida da adon bango, a shimfiɗa su kwance. Kowanne ka zaɓa, nemi izinin haƙa daga hukumar ma'adinai kafin a kawo inji.