Shirun masu kallon tanis

Ɗana, saƙonka ya iso tun shekaranjiya, ciwon gwiwar nan ne ya hana ni zama in ba ka amsa. Ka ce kun shiga gidan kallo a Wunti don ƙwallon ƙafa, kuka tarar an kamo gasar tanis ta Wimbledon da ake yi a Ingila, ka ga dubban mutane sun yi tsit kamar masu zaman makoki. Kana tambaya wai tsoro ne ko girman kan Turawa, tunda kai a filin Abubakar Tafawa Balewa ka saba, inda in Wikki na wasa ko na kusa da kai ba ka jin maganarsa.

Ni da kunnena na koyi amsar, kuma sai da na yi asarar sisi. Ina ɗan shekara 12 nake tsintar ƙwallo a wani kulob na manyan ma'aikata. Lokacin raket na katako ne, ƙwallon kuma fara ce, kafin magariba jar ƙasa ta rine ta. Wata rana wani mutum ya cilla ƙwallo sama zai buga sabis, wato bugun da ake fara kowane maki da shi, ni kuwa na hango wadda muke nema a gindin darbejiya, na ƙwala wa abokina kira, "Ga ta can!" Mutumin bai buga ba. Ya cafe ƙwallonsa, ya juyo ya dube ni, bai ce uffan ba. Ranar nan hannu Rabbana na koma gida, ban samu sisina ba.

Sai da na fara riƙe raket da kaina na gane abin da na yi masa. Filin nan tsawonsa bai cika mita 24 ba, gwanayen duniya kuma sabis ɗinsu na wuce gudun kilomita 200 a awa. Daga bugu zuwa isowarta gabanka ba a cika daƙiƙa ɗaya. Ido kaɗai ba ya isa. Ƙarar da ƙwallo ke yi a kan zaren raket ita ke fara gaya maka labari: in ka ji "fau" a bushe, to miƙaƙƙiya ce mai ƙarfi, in ka ji kamar an shafe ta, an murza ta, za ta faɗi ta kauce. Shi ya sa tsohuwar gwanar tanis Martina Navratilova ta daɗe tana ƙorafi a kan 'yan wasan da ke nishi da ƙarfi wajen bugu, tana cewa suna rufe wannan ƙarar. To in nishin mutum ɗaya ya dame ta, ina ga ihun jama'a? Ga kuma masu kula da layi, da baki suke sanar da cewa ƙwallo ta fita, dole a ji su. Wimbledon sai a 2025 ta sallame su ta koma wa na'ura.

Amma kada in cuce ka, wannan ba shi ne duka ba. Mai bugun fenareti ma yana buƙatar natsuwa, ga jama'a na yi masa ihu har da zagin iyaye, kuma yana ci. Saboda haka zarginka na girman kai yana da ɗan ƙamshin gaskiya, sai dai ni gado zan kira shi. Kakan wasan nan a Faransa ya taso, sarakuna da fadawansu ke yin sa cikin rufaffen ɗaki. Wanda muke gani yau a Ingila aka tsara shi wajen 1874, a kan ciyawar gidajen masu hali, aka fara gasar Wimbledon a 1877. 'Yan kallon farko baƙin mai gida ne, suna zaune da kofin shayi. Wa zai je gidan mutum ya yi masa ihu? Wasa ya fita duniya, ladabin ya bi shi, 'yan wasa kuma suka tashi a cikinsa tun suna yara har ya zame musu jiki.

Mu ma ai muna da irinsa. Je ka gindin bishiyar da dattawa ke dara, ka ga mutum zai yi kuskure, ka buɗe baki ka gani. Amma a dambe, in babu kalangu da kirari, ɗan damben ma jikinsa ba zai tashi ba. Ba wanda ya rubuta mana wannan, kowa ya san inda yake.

Kuma shirun na ɗan lokaci ne. Da maki ya faɗi sai fili ya ɓarke da tafi, har alƙali ya roƙi a natsu, don daƙiƙa 25 kawai mai sabis ke da su kafin ya sake bugawa. A gasar Amurka da ake yi a New York hayaniya ba ta ƙarewa, 'yan wasa sun haƙura. A Kofin Davis, inda ƙasa ke karawa da ƙasa, har ganguna ake shiga da su, sai dai in magoya baya suka matsa da damun abokin hamayya, ana iya cin tarar ƙasarsu da maki.

In Allah ya kai ka Kano lokacin gasar tanis ta Dala, ka shiga ka kalla. Kada ka yi magana tsakanin sabis na farko da na biyu, wanda mutum ke sake bugawa in na farko ya ɓaci. Kada ka tafa don wani ya zubar da sabis ɗinsa biyu, ana ganin wannan rashin tarbiyya ne. In fitsari ya matse ka, ka daure sai sun zauna hutun canjin gefe. Wayar nan taka mai waƙar Indiya kuma ka kashe ta tun daga ƙofa.

Raket ɗina na katako yana nan a saman sif, zaren ya tsinke. In ka zo ranar Juma'a ka tuna mini in sauko maka da shi. Ka gaishe da mahaifiyarka.

Baffanka.