Me ya haɗa masunci da shuka itace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗan gidan masunta ne a Yawuri. Na ji an ba wani masunci a ƙasar Filifin babbar lambar yabo, wai saboda ya dawo da kifi garinsu ta hanyar shuka itatuwa. Abin ya ɗaure mini kai. Kifi na ruwa, itace na tudu, ta ina suka haɗu? Kuma da gaske mutum ɗaya zai iya wannan aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Labarin da ka ji gaskiya ne. Sunan mutumin Roberto Ballon, mutanensa na kiransa Ka Dodoy. Masunci ne a ƙauyen Concepcion da ke gundumar Kabasalan, a lardin Zamboanga Sibugay na tsibirin Mindanao. A 2021 aka ba shi lambar yabo ta Ramon Magsaysay, wadda ake ɗauka mafi girma a nahiyar Asiya.

Itacen da ake magana a kai ba na tudu ba ne. Shi ne mangurof, wanda mutanen yankin ke kira bakhaw. A cikin taɓon gaɓar teku yake tsirowa, inda ruwan gishiri ke hawa ya sauka sau biyu a rana. Saiwoyinsa a waje suke, sun fito daga jikin gindin sun lanƙwasa sun caki taɓo, sun sarƙe da juna kamar saƙar kwando. In ruwa ya hau, wannan sarƙaƙiya ta zama ɗakin renon kifi. 'Ya'yan kifi da ba su kai ɗan yatsa ba suna shigewa ciki, manyan da ke cinye su ba sa iya bin su. Ganyen da ya zube ya ruɓe, ƙaguwa da jatan lande da ƙananan halittu su ci, kifi kuma ya ci su. Sai ya yi ƙwari sannan ya fita teku, inda koma ke jiransa. Kai da ka tashi a bakin Kwara ka san yadda 'ya'yan kifi ke lafewa cikin ciyawar fadama lokacin cikar ruwa. To ka ɗauka an nome fadamar nan ƙarƙaf, ka ga abin da zai samu kamun shekara mai zuwa.

Abin da ya faru da Filifin ke nan. A 1918 ƙasar tana da kusan hekta 450,000 na wannan daji. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 abin da ya rage bai wuce hekta 120,000 ba, kuma babban abin da ya cinye shi shi ne tafkunan kiwon kifi da jatan lande. Masu kuɗi su sare dajin, su ɗaga ganuwar taɓo, su zuba kifi. A Kabasalan da kasuwar ta karye sai suka watsar da tafkunan suka yi gaba, suka bar masunta da fili fetal, ba daji ba kifi.

A 1986 Ka Dodoy da wasu masunta 30 suka kafa ƙungiyar ƙananan masuntan Concepcion, wadda aka fi sani da KGMC, suka fara mayar da dajin. Aikin ba shi da daɗi ko kaɗan. Irin bakhaw dogo ne siriri, kamar ƙwanson wake mai kauri, kuma tun yana jikin uwar yake fara tsiro. Sai ruwa ya janye mutum ya kutsa cikin taɓo har gwiwa, ya riƙa caka su ɗaya bayan ɗaya kafin ruwa ya dawo. Ba wanda ke biyan ka. Ranar da ka yi shuka ba ka je su ba, gida kuma ana jiran cefane. Itacen zai yi shekaru kafin ya tara kifi. Don haka mutane suka yi ta zamewa har ƙungiyar ta koma mutum 3. Wannan wuri na labarin ya fi taɓa ni fiye da lambar yabon, domin ba zan ga laifin waɗanda suka tafi ba, yunwa ce ta kore su. Amma ukun nan, Ka Dodoy yana shugabansu, suka ci gaba da shiga taɓo.

Zuwa 1994 sun shuka hekta 50. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta ba su iznin riƙe wurin da suka farfaɗo, a 2015 kuma dajin ya kai hekta 500. Masuncin da a da zai yi awa 8 a ruwa ya dawo da kilo ɗaya da rabi, ya koma samun har kilo 7 cikin awa 3 zuwa 5. Da mutane suka gani da idonsu suka dawo, ƙungiyar ta kai gidaje 320, ta shiga kiwon kawa da ƙaguwa da noman ciyawar teku.

Kada ka ɗauka duk inda aka caka iri daji zai tashi. An kashe kuɗi masu yawa a Filifin kan shukar da ta mutu, domin an kai bakhaw inda igiyar ruwa ke da ƙarfi, ko kan ciyawar ƙarƙashin teku inda bai taɓa tsirowa ba. Wata masaniyar kimiyyar teku 'yar Filifin, Jurgenne Primavera, ta daɗe tana jan kunne cewa inda daji yake a da, kamar tafkunan da aka watsar, nan ya kamata a mayar da shi. Masuncin da ya girma a wurin ya san wannan ba tare da taswira ba.

Game da tambayarka ta biyu, a'a, mutum ɗaya ba zai iya ba, kuma a ganina shukar ma ba ita ce mafi wuya ba. Gadi ne. Da daji ya tashi masu saran itace za su zo, da kifi ya dawo masu kama shi ta haramtacciyar hanya za su zo. 'Yan KGMC sun shiga Bantay Dagat, wato 'yan sa-kai masu gadin teku da ƙaramar hukuma ke ba izni, suna sintiri a kwale-kwalensu. Doka ma ta taimaka, don dokar kamun kifi ta 1998 ta ba ƙananan masunta fifiko a ruwan da ke cikin kilomita 15 daga gaɓa.

In kana son ganin nauyin gadin nan, dubi tsibirai biyu a tsakiyar ƙasar. A Sumilon, masanin teku Angel Alcala na Jami'ar Silliman ya sa aka killace wani yanki na teku aka hana kamun kifi a cikinsa a 1974, kifi ya yawaita. A 1984 siyasar gari ta juya, aka buɗe wurin, aka far masa, kamu ya faɗi har a wajen yankin. A tsibirin Apo kuwa, inda aka fara killacewa a 1982, mazauna tsibirin ne da kansu suka yarda, suka riƙa zaman gadi a bakin ruwa, suka kafa kwamitinsu. Nasu ya ɗore, har guguwar 2011 da ta 2012 suka farfasa murjanin wurin, kuma ko bayan haka ba su buɗe shi ga masu koma ba.