Ba kowane mahaddaci ake ce wa Gwani ba

Wa alaikumus salam ɗana, naga saƙonka. Kace abokinka ya gama hadda a makarantar tahfiz cikin shekara biyu, kun yi masa walima har kun buga kalanda da Gwani a gaban sunansa, sai Baffanku yace a cire a sa Hafiz, kai kuma abin ya tsaya maka a rai kana tambaya ko hassada ce irin ta tsofaffi ko dai akwai wata al'ada da ba ka sani ba.

Ba hassada bace wallahi. Yaron ya yi ƙoƙari, izu sittin ba wasa bane, Allah ya sa masa albarka. Amma a tsangaya sunaye hawa hawa ne kuma ba mutum ke ba kansa ba. Ana fara wa daga kolo, a zama titibiri, a zama gardi, sannan malam, sannan alaramma, can gaba ne ake maganar gwani, gangaran kuwa sai a yi zamani ba a ga da yawa ba. Yaro sai ya wuce babbaƙu da farfaru kafin ma ya iya haɗa kalma, ya sauke a yi masa allon zayyana, to wannan saukar farko ce kawai, ko hadda bai shiga ba. Daga nan ne za ka ga gardi ya ɗauki allo da buzu ya nufi gabas, su Nguru, Gashuwa, Gaidam har Maiduguri, ya shiga kiskadi, wato keɓantaccen wurin karatu a bayan gari, ya yi ta tilawa dare da rana.

Abin da nake so ka riƙe shine satu. Mutum zai zauna da allo da tawada babu mus'hafi a gabansa, ya rubuta sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas na izu, daga kansa, ya kai wajen darasu alarammomi su duba masa harafi harafi, inda ya sa alif da ba a rubutawa, inda ya bar wasali, inda harafin ta mai ƙulli ya kamata ya saki ko sakakkiya ya ƙulle, duk sai an tsayar da shi. Sumuni 480 ne fa a Alƙur'ani, kuma haka zai bi su daga farko har ƙarshe, wani ba sau ɗaya ba. Baki yana iya wucewa da kuskure da gudu ba a ji ba saboda daɗin murya, alƙalami baya iya ɓoye komai. Sai ya kai ya rubuta Alƙur'ani cikakke da ka a takarda, da jan wasali da komai a ruwayar Warshu, a sa shi a tadarishi, wato bangonsa na fata, da gafaka, sannan mutane su fara ce masa alaramma hankalinsu kwance.

Gwani kuma akwai ƙari akan wannan, shine harji. Kowa ya san Fabi'ayyi ala'i rabbikuma tukazziban ta zo sau 31 a Rahman, Wailun yauma'izin lil mukazzibin sau 10 a Mursalat, wannan ko kai za ka iya ƙirgawa. To gwani haka ya san Alƙur'ani gaba ɗaya, ka ɗauko masa kalma ya gaya maka sau nawa ta zo da kuma ina da ina, wace ce da wau wace ce babu. A Baƙara an ce wadkhulul baba sujjadan wa ƙulu hiɗɗatun, a A'arafi aka juya, wa ƙulu hiɗɗatun ta riga zuwa. A Baƙara wa ma uhilla bihi ligairillahi, amma a Ma'ida da An'am da Nahli ligairillahi bihi ne. Irin waɗannan wuraren ne mahaddaci yake zamewa daga wannan sura ya faɗa wata bai ma sani ba, shi kuwa gwani tun kafin ka iso wajen ya san nan za ka zame, kamar tsohon direban da ya san kowane rami a hanyar garinsu. Ni a wurina wannan shine sani, ka san inda ake kuskure da dalilin da yasa ake yinsa, ka iya gyara wa wani ba tare da ka buɗe littafi ba, kuma waɗanda suka riga ka su zauna su gwada ka su gamsu.

Kada ka ɗauka ina raina makarantun yanzu. Tajwidin yaran nan da makharij ɗinsu ya fi na gardawa da yawa da na sani, kuma tun da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ta fara musabaƙa ta ƙasa a 1986 karatu ya gyaru sosai a ƙasar nan, har mata suka shigo da ƙarfinsu, abin farin ciki ne. Mu ma tsangaya tana da nata gibin, sai ka samu mutum ya rubuta Alƙur'ani da ka amma fassarar abin da ya rubuta sai ya je zaure ya zauna gaban malamin tafsiri, wannan yana damuna ƙwarai kuma nagartattun alarammomi basa ɓoye shi. Abin da bana so shine gaggawa, hadda ta shekara biyu ɗanya ce, idan ba a bi ta da tishi, wato maimaitawa, ba kafin a yi azumi biyu rabi ta zube, kuma idan an riga an ɗora wa yaro babban suna sai ya ji nauyin komawa gaban wani yace a gyara min, daga nan karatun ya tsaya. Wannan Baffanku ya hango masa.

Saboda haka ku bar Hafiz ɗin, sunansa ne na gaskiya kuma babba ne. Kace wa abokin naka ya riƙe izu biyu ko uku kullum kada ya yarda ya tsallake, ya nemi limancin tarawihi ko a ƙaramin masallaci ne, idan kuma yana da niyyar satu ka kawo min shi idan kun samu hutu, akwai alarammomi a nan unguwar da suke darasu, zan kai shi da kaina ya sayi allo babba ya fara. Ka gaida mamanka da ƙannenka.