Kafin ka nemi gurbin karatun kiwon kifin teku

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka ji labarin ana rainon jariran kifin teku a cikin keji ba tare da sayen abinci ba, ruwa ne ke kawo musu, kuma kana so ka zo Norwe ka karanci abin har ka samu aiki. Haka ne, ana yi. Amma wannan "ba sayen abinci" da ya burge ka, a nan wahalar take.

Jaririn kifin kod idan ya ƙyanƙyashe tsawonsa bai wuce milimita 4 zuwa 5 ba. Kwana kaɗan gwaiduwar da ya fito da ita ta ƙare, bakinsa kuwa ba ya ɗaukar busasshen abinci, sai abu mai rai mai motsi. A teku abin da yake farauta shi ne kofifod, wasu 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande da ke yawo cikin ruwa. Gidajen ƙyanƙyasa suna maye gurbinsu da wasu ƙananan halittun ruwa, rotifa da atimiya. Atimiya ana kwaso ƙwanta ne daga tafkuna masu gishiri irin na jihar Yuta a Amurka, kuma duka biyun sai an ɗura musu mai kafin su amfana. Kofifod kuwa da mansa yake zuwa, ga sinadaran gina jiki irin su aidin da taurin. Shi ya sa wanda ya tashi a kansa ya fi saurin girma, kuma ba a cika samun mai karkataccen baya ba. Mutanen Norwe sun daɗe a wannan harkar: tun 1882 aka kafa gidan ƙyanƙyasar kod a Flødevigen, a 1983 kuma aka samu nasarar raino mai yawa a wani tafkin ruwan teku da ke yankin Austevoll, kusa da Bergen.

To ga keji. Ragar sai ta matse yadda jariri ba zai zurare ba, ta kuma saki yadda abinci zai shigo. Kafin ka juya, gansakuka ta toshe ta, iskar shaƙa ta ragu. Wasu kan saka fitila a ruwa da dare ta jawo kofifod, amma haske ba ya zaɓe, har da masu cin jariran yake gayyatowa. Yau igiyar ruwa ta kawo abinci jingim, jibi ta juya, keji ya zama fayau. Idan yunwa ta kama kod, babba ƙaninsa yake haɗiyewa. Na taɓa wayar gari na tarar da keji guda ya koma rabi, ina ta neman ɓula a raga, ashe ɓarayin suna ciki. Sannan abin na lokaci ne, daga Maris ko Afrilu da rana ta dawo ruwa ya yi albarka. Cikin duhun hunturu babu labari.

Batun aiki, kada in ruɗe ka. Kuɗin da ma'aikatan yawanci suna wajen kifin salmon, shi kuwa tun cin farko busasshen abinci yake karɓa. Abin da kake so ya fi zama a hannun masu bincike, guraben kaɗan ne. Kuma daga 2023 ɗaliban da suka zo daga wajen Turai sun fara biyan kuɗin makaranta a jami'o'in gwamnati, saboda haka ka binciki ƙa'idar shekarar da za ka nema, ka nemi tallafi da wuri. Duba Jami'ar Bergen da ta Nord a Bodø, ka haɗa da ta Gent a Beljiyam, mutanen Gent su ne gwanayen atimiya.

Kafin nan, ka samu madubin ƙara girma a sashenku, ka ɗebo ruwan kowane tafki, ka koyi ƙirga abin da ke ciki da bambance su. Rabin ranata a kan wannan kujerar take ƙarewa, ba a jirgin ruwa ba. Idan ka yi wata guda ba ka gundura ba, turo mini takardunka in duba.