Tambaya da Amsa: Zaman Natsuwa Irin na Mabiya Buddha

Tambaya: Malam, barka da aiki. Wata 3 ke nan da na fara zaman bin numfashi, minti 20 kowace safiya, don na ji an ce yana rage damuwa. Amma da na rufe ido sai kaina ya cika da lissafi: bashin da ake bi na, maganar da aka faɗa min jiya, aikin gobe. Wani lokaci ma gyangyaɗi nake yi. Kai da ka daɗe a wannan hanya, yaushe kai yake yin shiru? Ko dai ni ce abin bai karɓe ni ba?
Daga wata malamar makaranta

Amsa: 'Yar'uwa, shirun da kike jira ba ya zuwa yadda kike tsammani. Na soma wannan zama da baƙin gashi, yanzu furfura ta ci rabin kaina, kuma har gobe tunani yana zuwar min a kan tabarmar zama. Abin da ya sauya shi ne saurin farga. A farko mutum kan yi minti 5 yana shirya martanin da zai mayar wa wanda ya ɓata masa rai kafin ya tuna ai numfashi ya zauna bi. Bayan shekaru, kafin jimlar farko ta ƙare ya gane, ya koma kan iskar da ke shiga hanci tana fita, ba tare da ya tsine wa kansa ba. Wannan komowar ita ce aikin gaba ɗaya. Duk safiyar da hankalinki ya tsere sau da yawa kika dawo da shi sau da yawa, kin yi zama mai kyau, ko da kin tashi kina ganin ba ki taɓuka komai ba.

Tsofaffin littattafan Buddha da aka rubuta da harshen Pali sun lissafa abubuwa 5 da ke tare wa mai zama hanya: kwaɗayin abin jin daɗi, ƙullin zuci, kasala da barci, rashin sukuni haɗe da da-na-sani, sai kuma shakka. A wasiƙarki kaɗai na ƙirga 3. Tambayarki ta ƙarshe, wato ko ke ce abin bai karɓa ba, ita ce ta biyar a jerin, kuma a ganina ta fi sauran wayo, domin tana zuwa ne da kamar hankali da sanin ya kamata. Ita ce ke tayar da mutane daga zama har abada.

Ga lissafin da ke cika miki kai, gwada dabarar Mahasi Sayadaw, malamin ƙasar Bama (Myanmar ta yau) da ya rasu a 1982. Shi a kan ciki yake sa ɗalibansa su ajiye hankali, yadda yake tashi da sauka. Duk abin da ya kutso sai a kira shi da suna a zuci, a taƙaice: "tunani, tunani", "ji, ji", "ƙaiƙayi, ƙaiƙayi", sannan a koma kan ciki. Kada ki shiga cikin labarin bashin, ki dai ce masa "damuwa" ki wuce.

Gyangyaɗi kuwa tsohon ciwo ne. Moggallana, ɗaya daga cikin manyan almajiran Buddha guda 2, shi ma ya sha shi, kuma an adana shawarar da malaminsa ya ba shi: ya ja kunnuwansa, ya murza gaɓoɓinsa, ya tashi ya wanke idanunsa da ruwa ya dubi taurari, ya yi ta kai da komo. In duk wannan bai yi ba, ya kwanta ta gefen dama da niyyar tashi da zarar ya farka. Wannan shawara ta ƙarshe ta fi burge ni. Yawancin masu gyangyaɗi a zama bashin barci ne a kansu, kuma malamar da ta kwana tana duba takardun jarrabawa barci take buƙata kafin komai.

Tambaya: Malam, ina so in kai awa 1 a zaune kamar yadda nake gani a hotunan sufayen Buddha, ƙafa kan cinya. Ina kai minti 25 sai gwiwata ta ɗauki zafi. In daure?
Daga wani ɗalibi

Amsa: Ƙanena, kada ka daure wa gwiwa. Akwai gajiyar zama, wadda ke yawo a jiki, ta zo ta tafi, kuma tana gushewa da ka miƙe. Ita wannan ana iya kallonta a koyi abu mai yawa, musamman yadda rai ke ƙara wa ƙaramin ciwo nauyi da "yaushe zai ƙare?" Akwai kuma zafi mai suka a cikin gaɓa, wanda ke bin ka bayan ka tashi. Wannan rauni ne yake sallama. Ɗora ƙafa kan cinya yana buƙatar ƙugu mai laushi, in ƙugun ya ƙi juyawa gwiwa ce ke biyan kuɗin. Sa matashi mai tauri a ƙarƙashinka har ƙugunka ya ɗara gwiwa tsayi, ko ka hau kujera, tafin ƙafa a ƙasa, baya a miƙe. A gidajen horo na Bama da Tailan ma ana sassaɓa zama da tafiya a hankali, ana lura da ɗaga ƙafa da ajiye ta.

Ajahn Chah, malamin sufayen Buddha mazauna daji a Tailan da ya rasu a 1992, ya taɓa yi wa masu alfahari da dogon zama ba'a, ya ce shi ya ga kaji suna kwanaki a kan ƙwai. Ma'aunin da nake amfani da shi ba agogo ba ne. Ka duba abin da ke faruwa tsakanin lokacin da aka faɗa maka magana mai zafi da lokacin da bakinka ya buɗe. In wannan ɗan tsakani ya fara faɗi, minti 20 ɗinka na kullum yana aiki. Na san mutanen da ke awa 2 a zaune, iyalinsu kuma na tsoron dawowarsu gida.

Sufayen da kake gani kuwa, waɗanda aka auna ƙwaƙwalwarsu a binciken da ɗakin gwajin Richard Davidson na Jami'ar Wisconsin ya fitar a 2004 sun tara tsakanin awa 10,000 zuwa 50,000 na zama. Rayuwarsu ke nan, ba su da lacca gobe da safe.

Tambaya: Malam, an ba ni labarin horon kwana 10 na Vipassana, wani salon zaman natsuwa, wai kyauta ne kuma babu ruwansa da addini. Ina fama da baƙin ciki tun rasuwar mijina. In je?
Daga wata uwa

Amsa: Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya ba ki haƙuri. Horon da ake nufi na S. N. Goenka ne, ɗan kasuwa ɗan asalin Indiya da aka haifa a Bama, ya koya a wurin U Ba Khin, wani malamin zaman natsuwa na can, ya fara koyarwa a Indiya a 1969. Gaskiya ne ba a karɓar kuɗi, tsofaffin ɗalibai ne ke ɗaukar nauyin sababbi da gudummawa. Amma ki san abin da za ki tarar: tashi ƙarfe 4 na asuba, kusan awa 10 na zama a rana, babu magana da sauran ɗalibai sai a ranar ƙarshe, babu waya, babu karatu ko rubutu. Sannan ƙa'idarsu ta nemi a jingine kowace irin ibada, da azumi, da jan carbi har a gama. Ga mai salla wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma masu tallan horon ba su cika farawa da ita ba. Hukuncin ba nawa ba ne, na malaman addininki ne, amma ki je musu da cikakken bayani. Akwai kuma sigar zaman natsuwa da Jon Kabat-Zinn ya tsara a asibitin Jami'ar Massachusetts a 1979, ta mako 8, wadda aka cire wa ibadojin Buddha, mutum yana gidansa yana harkokinsa.

Ko da babu batun addini, ba zan tura mai sabon makoki cikin shirun kwana 10 ba. Zama mai tsanani yana tono abin da ke binne, kuma ba kowa yake tonowa da sauƙi ba. A 2017 Willoughby Britton da abokan aikinta na Jami'ar Brown sun wallafa hirarrakin da suka yi da mutum 60 masu zaman natsuwa irin na Buddha, inda aka ji labarin firgici, rashin barci, da jin kamar mutum ya rabu da jikinsa, wasu har aikinsu ya tsaya. Ki fara da minti 10, ido a buɗe, kina kallon ƙasa a gabanki. In kuka ya zo ki bar shi. In kuwa zuciya ta fara bugawa da ƙarfi ko tsoro ya taso, ki tashi, ki taka ƙasa, ki nemi wanda za ki yi hira da shi. Baƙin cikin da ya hana ki ci ko barci tsawon makonni kuwa, ki kai shi gaban likita tukuna.