Yadda tsarin cinikin adalci yake kare manoman gahawa idan farashi ya karye

Tambaya: Ni manomin riɗi ne a ƙasar Daura, kuma ni ne magatakardan ƙungiyarmu ta manoma. Na ji a rediyo cewa manoman gahawa a Habasha da wasu ƙasashe suna da wani tsari da yake tare musu asara idan kasuwa ta karye. Yaya abin yake, kuma da gaske yana aiki?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. Tsarin da ka ji labarinsa shi ne Fairtrade, wato cinikin adalci, kuma yana aiki, amma kariyarsa tana da iyaka wadda ya kamata ka sani tun da wuri.

Farashin gahawa ba a gona ake yanka shi ba. Na nau'in Arabika a kasuwar birnin Niyok na Amurka ake tsayar da shi, kuma abin da ya fi juya shi shi ne yanayin Birazil, ƙasar da ta fi kowa noman gahawa. Idan sanyi mai daskarewa ya ƙone gonakinsu, kamar yadda ya faru a 2021, sai farashi ya hau. Idan suka yi albarka, sai ya faɗi a kan kowa. Abin da ya ƙara tsananta wa manomin gahawa shi ne itace yake shukawa, wanda sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya. Kai idan riɗi ya ba ka kunya bana, baɗi kana iya komawa wake ko gero, shi kuwa ba shi da wannan mafita, domin tumɓuke itacen asarar shekaru ce. Da can yarjejeniyar gahawa ta duniya tana ƙayyade adadin da kowace ƙasa za ta fitar, amma wannan ƙayyadewa ta rushe a 1989, kuma zuwa 2001 laba ɗaya, wato kusan giram 454, ta faɗo ƙasa da santi 50 na dalar Amurka, kuɗin da bai mayar wa manomi ko abin da ya kashe ba.

An fara tambarin cinikin adalci a 1988 a ƙasar Holan da gahawar ƙananan manoman Meziko, daga baya aka kafa uwar ƙungiyar a 1997 a birnin Bon na Jamus. Ginshiƙin tsarin shi ne mafi ƙarancin farashi. Duk kamfanin da yake son manna tambarin a jikin kayansa dole ne ya biya ƙungiyar manoma aƙalla wannan farashi, komai lalacewar kasuwa, idan kuma kasuwa ta haura shi, sai ya biya na kasuwa. Daga 2011 farashin ya tsaya a dala 1.40 kowace laba ta wankakkiyar Arabika, wato wadda aka ɓare aka wanke kafin a shanya, aka ɗaga shi zuwa dala 1.80 a watan Agusta na 2023. Amfaninsa ya fito fili a 2019, lokacin da farashin Niyok ya sauka ƙasa da dala ɗaya, amma ƙungiyoyin da suka sayar a ƙarƙashin tsarin suka karɓi dala 1.40 ɗinsu. A 2025 kuwa, da laba ta zarce dala huɗu, ba a waiwayi mafi ƙarancin farashin ba, domin an tanade shi ne don ranar wahala.

Bayan wannan akwai ƙarin santi 20 a kan kowace laba, wanda ba aljihun mutum ɗaya yake shiga ba. Asusun ƙungiya yake zuwa, membobi su zauna a babban taro su yanke abin da za a yi da shi, ko rijiya, ko ajin makaranta, ko injin wanke gahawa. Abin da ya fi burge ni, duk da ba a cika ambatonsa ba, shi ne damar da ƙungiya take da ita ta samun wani kaso na kuɗin ciniki tun kafin girbi. Duk wanda ya taɓa ganin magidanci ya ci bashi a tsakiyar damina da sharaɗin zai biya da buhu a kaka, sannan ya tsaya yana kallo ana ɗora buhun a mota a rabin kuɗinsa, ya san darajar wannan dama.

Iyakar tsarin ita ce tabbacin farashi yake bayarwa, ba ya ba da tabbacin mai saye. Ƙungiyoyi da yawa suna da takardar shaida, amma wani ɓangare kawai na amfaninsu suke iya sayarwa a kan waɗannan sharuɗɗa, ragowar kuma ta tafi kasuwa kamar ta kowa. Ga kuɗin binciken da masu duba ƙa'ida suke zuwa yi, ga kuma hidimar gudanar da ƙungiya, duk daga cinikin ake cire su kafin rabo ya kai hannun manomi. Haka nan idan farashi ya yi tashin gwauron zabi, 'yan kasuwa sukan bi manoma gida da kuɗi a hannu, wasu su sayar a gefe, ƙungiya ta kasa cika alkawarin da ta ɗauka. Kuma ka lura ba kowane tambari ne yake da mafi ƙarancin farashi ba: Rainforest Alliance, alal misali, ya fi mayar da hankali kan kare muhalli.

Game da ku kuwa, tsarin bai tsaya kan gahawa ba, domin manoman auduga a Mali da Senegal da Burkina Faso sun daɗe a cikinsa, kuma riɗi ma yana cikin kayan da ake ba wa shaida. Tun da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a Najeriya a 1986, manomin Daura ko na Funtua shi kaɗai yake fuskantar kasuwa, saboda haka na fahimci abin da ya ja hankalinka. Shawarata ita ce kada ku fara da neman takardar shaida. Ku fara da gyara littafin da ke hannunka, a san yawan membobi, da girman gonar kowa, da buhunan da kuke iya tarawa masu tsabta marasa yashi, sannan ku nemi mai fitar da kaya waje wanda yake da abokin ciniki mai buƙatar riɗi mai tambari. Sai ya sa hannu a kan adadin da zai ɗauka kafin ku kashe ko naira ɗaya a kan bincike.