Amsa ga ɗan'uwan da cajin banki ke cinye wa albashi

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce shekara biyu ke nan asusunka yana cikin obadiraf, wato bashin da banki ke bari ka ci idan kuɗin asusunka sun ƙare, a wani babban banki nan Ingila, albashi na shiga ana zaftare kuɗin ruwa da caji, kana tambaya ko ana iya dawo maka da su ko kuwa sun tafi ke nan. Ana iya dawowa da su, ko da ba duka ba. Ni ma na taɓa shiga wannan hali, kuma na yi kuskure tun a matakin farko, shi ya sa nake so ka kauce masa.

A 2018 ina aikin dare a wata ma'ajiyar kaya a Manchester, sai aka rage mana kwanakin aiki daga biyar zuwa uku. Kuɗin gas ya zo fita babu isassu a asusu, banki ya mayar da shi, ya ci ni tara. Tarar ta tura ni ƙasa da sifili, suka fara cajin kullum. Wata na gaba albashi ya shiga, kafin in biya haya sun kwashe nasu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar da abin ya ishe ni na baza takardun asusun wata goma sha takwas a kan teburin kicin, na ɗauki jan biro ina zagaye duk inda aka cire caji. Yarana suna barci, uwargida na riƙe da waya tana haɗa lissafi. Fam 740 muka samu. Ta dube ni ta ce, "Wannan ai ya fi hayarmu ta wata."

Sai na samo wata tsohuwar wasiƙa a intanet wadda ke cewa cajin ya saɓa doka saboda ya yi yawa, na sa sunana na aika. Cikin mako uku suka amsa da a'a, kuma da hujjarsu. A 2007 hukumar OFT, mai kare haƙƙin masu saye a lokacin, ta kai manyan bankuna kotu kan wannan caji, a ranar 25 ga Nuwamba 2009 Kotun Ƙoli ta ba bankuna gaskiya, ta ce ba za a auna adalcin cajin ta fuskar yawansa ba. Tun daga nan wannan ƙofa ta rufe. Don Allah kada ka ɓata lokaci a kanta.

Ƙofar da ke buɗe ita ce ta ƙuncin rayuwa. Ƙa'idojin FCA, hukumar da ke sa ido kan bankuna, sun wajabta musu su tausaya wa wanda ya shiga matsin kuɗi, kuma su lura da wanda ya daɗe cikin obadiraf ba ya fita, su tuntuɓe shi su taimaka. Banki yana ganin asusunka kullum. Idan ya ga albashinka ba ya iya fitar da kai daga bashin, ya ga ana mayar da kuɗin wuta da na kansil, wato ƙaramar hukuma, amma ya yi shiru yana ta karɓar ruwa, to nan ne hujjarka take. Taka ma ta fi tawa sauƙin nunawa, tunda ka ce shekara biyu cur ba ka fita ba. Daga Afrilu 2020 an hana cajin kullum irin wanda aka yi mini, amma yawancin manyan bankunan sun kai ruwan obadiraf wajen kashi 40 cikin ɗari a shekara, don haka ciwon yana nan.

A wasiƙata ta biyu ban kawo wata doka ba. Na rubuta ranar da aka rage mini aiki, na haɗa takardun albashi na da da na bayan ragin, da wasiƙar kansil ta bashin haraji, da jerin cajin wata bi wata. Na ce wannan ƙorafi ne a hukumance, ina neman a mayar mini da kuɗin. Ka tabbata kalmar ƙorafi ta fito a rubuce, domin daga ranar da ƙorafin ya isa gare su ne makonni takwas da doka ta ba su su amsa suke fara ƙirguwa. In ba ka da tsofaffin takardu, kana da haƙƙin neman bayananka kyauta, kuma wata ɗaya suke da shi su ba ka. Galibi ana iya komawa baya har shekara shida.

Sun kira ni suka ce za su ba ni fam 100 na kyautatawa a rufe magana. Wallahi a ranar ina bukatar ɗarin nan, zuciyata ta so karɓa. Na ce su aiko mini da amsarsu ta ƙarshe a rubuce. Da ita na tafi Financial Ombudsman Service, ofishin da ke raba gardama tsakanin mutane da bankuna. Kyauta ne, ba ka bukatar lauya, amma wata shida kawai kake da shi daga ranar da ke jikin wasiƙar. Na san wanda ya ajiye tasa a aljihun mota har lokacin ya wuce, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Bayan kusan wata huɗu mai binciken ta ce tun wata na shida ya kamata bankin ya gane halin da nake ciki, aka mayar mini da cajin da ya biyo bayan nan, fam 510.

Ka sani tun yanzu, kuɗin ba a hannu na karɓe su ba, bashin obadiraf ɗin aka rage da su. Kuma banki yana iya janye obadiraf ɗin, shi ya sa kafin ka aika komai ka buɗe asusu na talaka, wanda ba shi da caji ba shi da obadiraf, a wani bankin daban, ka mayar da albashinka can don kuɗin haya da abinci su tsira. Kamfanonin da ke cewa za su karɓo maka su yanki kasonsu, ka rabu da su, wasiƙar da za su rubuta kai ma za ka iya. In bashin ya wuce na banki kaɗai, ƙungiyoyin agaji na StepChange da Citizens Advice suna taimaka wa mutum kyauta su tsara masa lissafin shiga da fita, kuma wannan takarda tana ƙara wa ƙorafi nauyi.

Ka duba kuma ko asusunka irin mai kuɗin wata ne, wanda ake haɗawa da inshorar waya da ta tafiya. In an saka ka ciki ba tare da an yi maka bayani ba, ko inshorar ba ta ma shafe ka, wannan ƙorafi ne na daban da za ka shigar.

Ka fara da takardun a daren nan. Idan ka rubuta wasiƙar, ka goge lambar asusu da adireshi ka turo mini in duba maka kafin ka aika. Allah Ya yaye maka, Ya buɗa ƙofofin arziki.